Tsarkin Ran Ɗan Adam a Koyarwar Kirista

Tsarkin ran ɗan Adam koyarwa ce da kusan dukkan ɗarikun Kirista suka haɗu akanta, Katolika ne ko Angilikan ko Baftis ko ECWA ko COCIN ko sabbin coci-cocin nan da suka cika unguwanni a Bauchi da Gombe. Abun da take cewa shine rai na Allah ne, shi ya bayar kuma shi kaɗai keda ikon karɓa. Darajar mutum bata fito daga kuɗinshi ko lafiyarshi ko ƙabilarshi ko amfanin da yake yiwa jama'a ba, daga wanda ya halicce shi ta fito. Saboda haka tayin dake ciki da tsohuwar da ta rikice bata gane jikokinta da kuturu da ɗan fursuna da gwamna duk farashin ransu ɗaya ne. Da yawa in sun ji wannan magana zubar da ciki kawai suke tunawa, alhali ta shafi hukuncin kisa da yaƙi da kashe kai da jinyar marar lafiya da ramuwar gayya.

Tushenta a Littafi Mai Tsarki

Daga Farawa 1:26-27 ake fara ɗaukota, inda aka ce Allah ya yi mutum cikin kamanninsa, namiji da ta mace. Ba a faɗi haka akan wata halitta ba. A Farawa 9:6 bayan ruwan tsufana aka ɗaura haramcin zubar da jini akan wannan dalilin kai tsaye, wato wanda ya taɓa ran mutum ya taɓa abun dake ɗauke da kamannin Allah. Sai dokar nan da kowane yaron Sande Sukul ya haddace a Fitowa 20:13, "Kada ka yi kisankai".

Labarin Kayinu da Habila a Farawa sura 4 ya kamata a tsaya akanshi sosai, don kashi biyu ne kuma an fi wa'azin kashin farko. Allah yace wa Kayinu jinin ɗan'uwanshi yana kuka gareshi daga ƙasa, ya hukunta shi da yawo a duniya. Amma da Kayinu yace duk wanda ya ganni zai kashe ni, sai Allah ya sa mishi alama don kada kowa ya taɓa shi. Mai kisa na farko kenan, kuma Allah da kanshi ya hana a rama akanshi.

Game da abun dake ciki ana kawo Zabura 139 inda mai zabura yake cewa Allah ne ya saƙa shi a cikin mahaifiyarshi, da Irmiya 1:5, da Luka sura 1 inda jaririn dake cikin Alisabatu ya motsa da jin gaisuwar Maryamu. Yesu kuma a Matiyu 5:21-22 bai tsaya a kan wuƙa ba, ya kai maganar har kan fushi da zagin ɗan'uwa, sannan a Matiyu 25 yace abun da aka yiwa mayunwaci da baƙo da marar lafiya da na kurkuku shi aka yiwa. Kuma tunda Kirista sun gaskata Allah ya zama mutum cikin Almasihu, ya kwanta a ciki wata tara ya ji yunwa ya mutu, toh jikin ɗan Adam ba abun rainawa bane.

Yadda ta taso a tarihi

A daular Rum ta wancan lokacin uba nada ikon ƙin jariri, a kai shi waje a yar, musamman in mace ce ko mai naƙasa. Kiristocin farko sun ƙi wannan tun daga farko. Wani ɗan littafin koyarwa da ake kira Didake, wanda aka rubuta wajajen ƙarshen ƙarni na 1 ko farkon na 2, ya hana zubar da ciki da kashe jariri ƙarara. Tartuliyan na Afirka ta Arewa shima ya rubuta haka wajen shekara ta 197. A 374 sarki Balentiniyan na 1 ya maida kashe jariri laifin kisa a doka.

Gaskiya ba komai ne aka daidaita tun farko ba. Malamai irin su Agustin da Toma Akwainas sun bambanta tayin da ya kammala siffa da wanda bai kammala ba wajen nauyin laifi, duk da cewa duka biyun zunubi suka ɗauke shi, sai a 1869 Fafaroma Piyus na 9 ya cire wannan bambancin daga hukuncin ikilisiyar Katolika. Kuma tarihin Kirista da kanshi akwai yaƙe-yaƙen addini da ƙona mutane da cinikin bayi, abubuwan da wannan koyarwar ce ta farko da zata tuhume su.

A Najeriya sunan da aka fi sani shine Mary Slessor, 'yar Sikotland da ta iso Kalaba a 1876 ta yi ta ceton tagwayen da ake yarwa har ta rasu a 1915. A Arewa kuma an fi ganin abun ta wajen kutare. Mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission), wanda daga cikinshi ECWA ta fito a 1954, ya riƙe asibitocin kutare irin na Yadakunya a Kano da Amanawa a Sakkwato da Babbar Ruga a Katsina, 'yan mishan na Garkida suma suna da nasu. Mutumin da danginshi suka ware wa ƙwarya da buta, a can ake wanke mishi gyambo da hannu.

Zubar da ciki

Katolika sun fi kowa tsauri kuma sun rubuta nasu dalla-dalla, a Katekizim (littafin koyarwar ikilisiyarsu) na 1992 da wasiƙar Fafaroma John Paul na 2 mai suna Evangelium Vitae ta 1995: rai yana farawa daga ɗaukar ciki, babu halin cire shi da gangan. Amma suna yarda da aikin da manufarshi ceton uwa ne ko da tayin ba zai rayu ba, kamar cikin da ya zauna a wajen mahaifa likita ya cire bututun. Cocin bishara na Najeriya suma suna ƙin zubar da ciki, galibi dai in ran uwa yana cikin haɗari suna bari likita ya yi aikinshi. Wasu ɗarikun Turai da Amurka sun sassauta fiye da haka. Dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa itama bata yarda ba sai don ceton ran uwa.

Inda aikin yake da wuya ba a takarda bane. Yarinya 'yar ƙungiyar mawaƙan coci ta yi ciki ba aure, dattawa suka zauna aka sa ta ƙarƙashin horo, aka sanar ranar Lahadi, ta koma bencin baya kowa na satar kallonta, shi kuwa saurayin sau da yawa ya bar gari ko ya musa. Ƙawarta dake kallo ta riga ta koyi darasi, in nata ya zo kemis zata nufa da daddare kafin ciki ya fito. Horo yana da wurinshi a ikilisiya, amma wanda yake wa'azin kada a zubar dole ya tanadi inda yarinyar zata haihu da wanda zai riƙe mata jaririn ta koma makaranta. Akan wannan matan zumunta sun fi maza gane karatun, su ne zaka gani da zanen anko sun shiga ɗakin masu haihuwa da filas na kunu da sabulu da 'yan kayan jarirai, basa tambayar waye uban.

Kashe kai da ƙarshen rayuwa

Tunda rai amana ne, kashe kai ma haramun ne. A da ana hana irin wannan gawar addu'ar coci, amma yanzu an gane ciwon damuwa ciwo ne, Katolika sun cire wannan hanin a dokokinsu na 1983 kuma fastoci da yawa suna tsayawa da iyalan a binne da addu'a.

Allurar mutuwa ga marar lafiyan da ya gaji, wadda Holan da Beljiyam suka halasta a 2002, mafi yawan ɗariku sun ƙi ta. Sai dai akwai bambanci tsakanin kashe mutum da barin mutuwa ta zo. Tun 1957 Fafaroma Piyus na 12 ya bayyana cewa ba dole bane a ci gaba da jinyar da ta wuce kima kuma ba alamar zata yi amfani, kuma ba laifi a ba mai jin zafi magani mai ƙarfi. Daga irin wannan tunanin ne Cicely Saunders ta buɗe gidan kula da masu cutar ajali a Landan a 1967. Mu nan tambayar bata cika zama ta cire na'ura ba, ta kuɗin jini ce da kuɗin aiki da motar da zata kawo mai naƙuda daga ƙauye.

Hukuncin kisa, yaƙi da ramuwa

Nan ne Kirista suka fi rabuwa. Masu goyon bayan hukuncin kisa suna kawo Farawa 9:6 da Romawa 13:4 inda aka ce mai mulki ba a banza yake riƙe da takobi ba. Masu ƙi suna kawo alamar Kayinu da matar da aka kawo wa Yesu don a jefe ta a Yohanna sura 8. A 2018 Fafaroma Francis ya gyara Katekizim yace hukuncin kisa ba abun amincewa bane. Akan yaƙi, yawanci suna bin ƙa'idar da ta samo asali daga Agustin da Akwainas, wato sai hukuma ce ta halal, da dalili na gaskiya, bayan an gwada sulhu, kuma ba a taɓa wanda bai ɗauki makami ba. Ɗarikun Menonayit da Kwekas da Cocin 'Yan'uwa kuwa sun ƙi yaƙi gaba ɗaya.

Amma duk rabuwar nan babu ɗarika ko ɗaya da ta halasta ɗaukar doka a hannu. Taron da ya rufe ɓarawon waya da duka har ya daina motsi, ko samarin da suka tare hanya suna tambayar sunan matafiyi don an kashe nasu a wani gari, kisankai ne a koyarwar kowace coci, kuma mutanen da suka ga rikicin Tafawa Balewa na 1991 da tarzomar bayan zaɓen 2011 sun san wannan ba maganar aji bace. Maƙwabtanmu Musulmi ma suna da aya a Suratul Ma'ida da take cewa wanda ya kashe rai ɗaya ba da hakki ba kamar ya kashe mutane duka ne, shi yasa ake yawan haɗa ta da ayoyin Littafi Mai Tsarki a zaman sulhu na malamai da fastoci.

EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya), wadda ta fito daga mishan ɗin Cocin 'Yan'uwa da ya fara a Garkida a 1923, itace aka fi gwadawa akan wannan. Yawancin 'yan matan Chibok da aka sace a Afrilun 2014 'ya'yanta ne, a Oktoban shekarar aka mamaye hedikwatarta dake Kwarhi kusa da Mubi, membobinta suka watsu har Yola da Gombe da Jos. Shugabanninta basu canza koyarwar ƙin ramuwa ba, kuma kayan agajin da suka samu sun raba har da Musulmin da suka gudo tare dasu.