Douglas A-1 Skyraider

Douglas A-1 Skyraider jirgin saman yaƙi ne na ƙasar Amurka mai inji ɗaya da farfela a goshi, wanda aka ƙera domin kai hari kan jiragen ruwa da sansanonin abokan gaba a ƙasa. Ya fara tashi ranar 18 ga Maris 1945, ya shiga aikin rundunar sojan ruwan Amurka a 1946, kuma kamfanin Douglas ya ƙera guda 3,180 kafin ya dakatar da aikin a 1957. Da farko ana kiransa AD, sai a 1962 aka sauya masa suna zuwa A-1. Bai samu halartar Yaƙin Duniya na Biyu da aka tsara shi dominsa ba, amma ya yi yaƙin Koriya da na Biyetnam, a zamanin da jirage masu injin jet suka riga suka mamaye sararin sama, kuma wannan daɗewa tasa ce ta sa masana tarihin soja suke ba shi muhimmanci.

Asali da ƙira

Injiniya Ed Heinemann ne ya jagoranci zana jirgin a 1944, kuma an ruwaito cewa shi da abokan aikinsa biyu sun fitar da zanen farko cikin dare ɗaya a ɗakin otal a birnin Washinton, saboda hukumar sojan ruwa ta ba su wa'adin safiya. Sun bar bama-bamai a rataye a waje maimakon a yi musu ɗaki a cikin jirgin, suka kuma rage ma'aikata zuwa matuƙi ɗaya, duk domin a sauƙaƙa nauyi a ƙara kaya. An sa masa injin Wright R-3350 mai silinda 18 da ƙarfin doki kusan 2,700, wanda ke juya farfela mai ganye huɗu. Samfuran baya suna ɗauke da bindigogi huɗu masu faɗin baki milimita 20 a cikin fikafikai, da marataya 15 da za su iya ɗaukar makamai na kimanin kilogiram 3,600. Gudunsa bai wuce kimanin kilomita 520 a awa ba, wato ƙasa da rabin gudun yawancin jiragen jet da ya yi aiki tare da su a Biyetnam. An kuma fitar da samfura masu faɗin ciki da ke ɗaukar mutane da na'urorin hango jirage daga nesa, kuma masu na'urar hango jirage ne sojan ruwan Birtaniya suka yi amfani da su.

Yaƙin Koriya

Jirgin ya fara shiga yaƙi ranar 3 ga Yuli 1950, inda ya tashi daga kan jirgin ruwan Valley Forge mai ɗaukar jiragen yaƙi. Harin da aka fi tunawa da shi a wannan yaƙi shi ne na ranar 1 ga Mayu 1951 a madatsar ruwa ta Hwacheon. Dakarun abokan gaba da ke riƙe da madatsar suna iya buɗe ƙofofinta su cika kogin da ke ƙasa ko su rufe su rage ruwansa, gwargwadon abin da zai amfane su, kuma bama-baman da aka jefa daga sama sun kasa karya ƙofofin. Sai jirage takwas daga jirgin ruwan Princeton suka sauko kusa da ruwan tafkin suka saki bama-baman da ke gudu a ƙarƙashin ruwa, waɗanda aka saba harba wa jiragen ruwa, suka lalata ƙofofin.

Biyetnam da aikin ceto

A Biyetnam ne jirgin ya yi sunan da ya bi shi har yau. Matuƙa suna kiransa Spad, sunan wani jirgin Faransa na Yaƙin Duniya na Ɗaya, saboda tsufan fasalinsa. Jirgin jet yakan iso fagen daga cikin sauri, ya saki kayansa, ya juya kafin mansa ya ƙare. Shi kuwa Skyraider yana iya shafe awanni yana shawagi a wuri ɗaya, yana tafiya ƙasa-ƙasa a hankali har matuƙi ya iya bambanta nasa da na abokan gaba da idonsa. Sau biyu ma, a ranar 20 ga Yuni 1965 da ranar 9 ga Oktoba 1966, matuƙan sojan ruwa sun kakkaɓo jirgin jet na Arewacin Biyetnam ƙirar MiG-17 da shi.

Aikin da 'yan mazan jiya suka fi alfahari da shi shi ne rakiyar jirage masu saukar ungulu wajen ceto matuƙan da aka harbo a Laos da Arewacin Biyetnam, kuma a rediyo ana kiran masu wannan aiki Sandy. Da yawansu daga sansanin Nakhon Phanom na ƙasar Tailan suke tashi. Jagoran ayari yakan riga kowa isa wurin, ya yi magana da mutumin da ya faɗi ta ƙaramar rediyonsa, ya yi masa tambayoyin sirri da aka tanada tun kafin tafiya domin a tabbatar ba tarko ba ne, sannan ya ratsa yankin da gangan a ƙasa-ƙasa domin masu bindigogin da suka ɓuya su harbe shi su tona wurarensu. Sai an murƙushe waɗannan bindigogi ake kiran jirgi mai saukar ungulu ya matso. Aiki ne da mutum yake miƙa kansa ga harsashi domin wani ya tsira, kuma ba abin mamaki ba ne cewa waɗanda aka ceto ta wannan hanya suna ambaton matuƙan Sandy da girmamawa ta musamman.

Ranar 10 ga Maris 1966, a kwarin A Shau, an harbo jirgin Manjo Dafford Myers, ya sauka da ƙyar yana cin wuta a titin jirgin wani sansani da ake gab da ƙwacewa. Manjo Bernard Fisher ya ga cewa jirgin ceto ba zai iso da wuri ba, sai ya sauka da nasa jirgin mai faɗin ciki a wannan gajeren titi da ke cike da tarkace, ya ɗauki Myers, ya tashi ana ta harbinsa. An ƙirga ramukan harsashi 19 a jikin jirgin, an ba Fisher lambar yabo mafi girma ta sojan Amurka, kuma jirgin yana nan ajiye a gidan tarihin sojan sama da ke Dayton a jihar Ohio. Wani sanannen matuƙin kuma shi ne Dieter Dengler, wanda aka harbo a Laos a Fabrairun 1966, ya tsere daga hannun masu tsare da shi bayan watanni, har wani matuƙin Skyraider ya hango shi a daji a watan Yuli.

Abin da tsofaffin ma'aikatansa ke tunawa

A cikin labaran matuƙa da makanikai, abin da ya fi yawan fitowa shi ne baƙin mai. Injin yana shan mai yana kuma yoyonsa, har gefen jirgin yakan yi baƙi da hayaƙi da maiƙo, kayan aikin makanikai ba sa fita da wanki, kuma fikafikan sukan yi santsin da mai hawa zai iya zamewa. Matuƙa suna tunawa da ƙarfin juyin farfela, wanda ke jan jirgin hagu a lokacin tashi, ta yadda dole mutum ya danne ƙafar dama da ƙarfi. Wanda ya ba injin wuta farat ɗaya alhali jirgin yana tafiya a hankali, yana iya kifar da shi, kuma wannan ya halaka sababbin matuƙa. Suna tunawa da ƙara mai toshe kunne, da zafin ɗakin tuƙi, da ciwon baya bayan doguwar tafiya a kan kujera mai tauri. Shekaru da dama jirgin ba shi da kujerar da ke cilla matuƙi waje, sai daga baya aka sa masa wata roka da ke fizge mutum da igiya kafin lemarsa ta buɗe. Tare da duk wannan, yawancinsu suna yabonsa da cewa yakan sha harsasai ya dawo da mutum gida.

Bai kamata wannan ƙauna ta rufe tsadar abin ba. Amurka ta yi asarar fiye da jirage 250 na wannan ƙira a kudu maso gabashin Asiya, kuma matuƙa da yawa sun mutu tare da su, domin rashin saurin da ya sa jirgin ya yi amfani shi ne ya sa yake da sauƙin harbi, musamman bayan bayyanar makami mai linzami na kafaɗa ƙirar SA-7 a 1972. Haka kuma jirgin ya zubar da bama-bamai masu ƙona jiki a yankunan da fararen hula ke zaune, kuma tunanin mutanen ƙauyukan Biyetnam da Laos game da shi ba a rubuta shi da yawa kamar na matuƙansa ba.

Sauran ƙasashe da ƙarshen aiki

Sojan ruwan Amurka sun daina kai hari da shi a 1968, sojan sama kuma suka miƙa ragowar nasu ga Kudancin Biyetnam a ƙarshen 1972. Faransa ta sayi fiye da ɗari, ta yi amfani da su a yaƙin Aljeriya, sannan a Chadi, inda suka riƙa tashi daga Fort-Lamy, wato N'Djamena ta yanzu, suna kai wa 'yan tawayen Frolinat hari tun daga ƙarshen shekarun 1960. Daga hannun Faransa wasu suka koma ga Kambodiya da Chadi da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da Gabon, kuma rundunar tsaron shugaban Gabon ta ci gaba da aiki da su har tsakiyar shekarun 1980. Wasu daga cikin jiragen da suka yi aiki a Afirka an maido da su Turai da Amurka an gyara su, kuma suna cikin 'yan kaɗan da ke tashi a bukukuwan nunin jiragen sama.