Doguwar tafiya da a-kori-kura: tambayoyin da direbobi suka fi yi

Buhu nawa zan ɗora wa Hilux daga Gombe zuwa Kano?

Yawancin Hilux kusan tan ɗaya suke ɗauka, wato kilo 1,000 ko ƙasa da haka, kuma wannan lissafin har da direba da fasinjoji. Idan mai ƙofa huɗu ce, mutum biyar a ciki, kusan kilo 350 ya riga ya tafi. Buhun masara kilo 100 ne, ka ga shida ke nan. Wanda ya jibga goma sha biyu zai ga sifirin baya ya miƙe sambal, gaban motar ya ɗaga, fitila tana haska sama. Sitiyari ya yi sako-sako saboda tayoyin gaba ba su danne ƙasa ba, birki kuma sai an yi nisa yake tsayar da ita. Motar za ta tafi, ba shakka, kuma wannan ƙarfin nata ne yake yaudarar mutane.

Kaya masu nauyi a jera su jikin kan mota, gaban tayoyin baya, masu sauƙi su biyo. A rufe da tamfol, a ɗaure tamau. Kafin ka kai Dukku ka tsaya ka sake jan igiya, domin gargada tana sa buhuna su zauna, ɗauri ya saki.

To idan babu kaya fa, ba ta fi sauƙin tuƙi ba?

A'a. An ƙera bayanta don nauyi ne. In babu komai a bodi, tayoyin baya ba sa kama kwalta sosai, sai ta riƙa tsalle a gargada, ta kuma watsa baya a kwana idan an yi ruwa. Da damina ka sa buhun yashi biyu saitin tayoyin baya, ka ɗaure, ka rage gudu.

Me zan duba a taya?

A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu. Idan ka ga 2322, an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2022. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC tana ɗaukar taya ta tsufa bayan shekara huɗu, ko da zanenta bai cinye ba. Iska kuwa da sassafe ake aunawa, taya na sanyi, bisa abin da ke rubuce a jikin ƙofar direba; akwai awon lodi daban. Kada ka yarda mai faci ya rage maka iska wai don rana ta yi zafi. Tayar da iskarta ta yi ƙasa ita ce take lanƙwashewa, ta ɗau zafi, ta fashe. Safayar da ke rataye a ƙarƙashin bodi ma a sauko da ita a duba tun a gida.

Zan iya sa 4H, wato giyar da ke sa tayoyi huɗun duka su ja mota, a kan kwalta?

A busasshiyar kwalta, a'a. Tayoyin gaba da na baya suna kulle tare, a kwana su riƙa jayayya har giyar ta lalace. Na yashi ne da taɓo.

Gangara da zafin inji fa?

Saukowa daga Jos zuwa Toro da lodi, ka koma giya ta uku ko ta biyu, inji ya riƙe motar. Dogon taka birki yana ƙona shi. Da ka ji ƙauri, ka tsaya ya huce. In allurar zafi ta hau, ka sauka gefe, ka jira aƙalla minti 30 kafin ka taɓa murfin lagireto, domin ruwan da ke ciki yana iya fesowa ya sale fuska.

Me zan tafi da shi?

Jak mai iya ɗaga motar da kayanta, katakon da za a ɗora shi a kai, sifanar taya, fanbel, baƙin mai, jarkar ruwa, abin kashe gobara da alamar tsayawa mai kusurwa uku. Mai motar dizal ya cika tanki a gidan man da ya sani a Bauchi ko Gombe. Idan fitilar filtar dizal ta kama a hanya, mai yiwuwa ruwa ne ya taru: a kashe inji, a sassauta famfon ƙasan filtar, a tsiyaye har sai dizal zalla ya fara fitowa.