Wai su waye kayayei?

Jiya muna cikin kasuwar Makola a nan Gana da wani baƙona daga Kano, wata mata ta ɗaga murya "kayayo! kayayo!" sai ya juyo yace min wai wannan Hausa ce ko me? Nace rabi da rabi. Kaya dai namu ne, yoo kuwa yaren ƙabilar Ga ne, mace kenan, in suna da yawa sai ace kayayei. A Kumasi wasu paa-o-paa suke ce musu. 'Yan dako mata dai, masu daro da gammo.

Yawancinsu daga arewacin Gana suke saukowa, wajen Walewale, Tamale, Savelugu, 'yan Mamprusi da Dagomba, da an gama girbi ba aikin gona sai yarinya ta hau mota ta taho Ankara, Ankararmu ta Gana fa ba ta Turkiyya ba, wata kayan aure take son haɗawa, wata kuɗin makaranta ko na keken ɗinki, wata kuma auren dole ta gudo ma. Ci-rani ne sak.

Ni abin da ke damuna ba nauyin kayan ba ne, duk da wallahi in ka ga 'yar shekara 14 da doya cike da daro, wuya na rawa, wata ma da goyo a baya, sai jikinka yayi sanyi. Dare ne matsalar. Mai hali ta haɗa kuɗi da 'yan garinsu su cunkushe a ɗakin katako a unguwar talakawa ta Old Fadama, wanka da kuɗi, bayi da kuɗi, marar hali kuma ta shimfiɗa kwali a bakin shago, ga sauro ga ruwan sama ga ɓarayi, ga 'yan iskan da ke bin su da fyaɗe, shi ya sa zaka ga suna kwana a dunƙule wuri ɗaya. Kuɗin aikin ma ba tsayayyen farashi, sai abin da Hajiya ta ga dama ta miƙo bayan an sauke mata kaya a tashar trotro, motocin haya kenan.

A kasafin 2017 gwamnati ta soke harajin kasuwa da ake karɓa a hannunsu, a 2024 kuma aka buɗe musu masauki a Madina da Ashaiman, nan yankin Ankara, to amma mutum nawa zai ɗauka?

Wadda ta ɗauko mana kaya jiyan, da na ce mata "ƙanwata ya sunanki" sai da ta waiga baya tukuna, ta ɗauka da wata nake.