Tsanin kifi a madatsar Sinnar: abin da za a duba kafin a aza tubali

Iyayena da 'yan'uwana masunta na Mai Wurno da kewaye, duk zaman da muka yi a bakin ruwa sai wani ya tayar da maganar nan: tunda akwai tsanin kifi, wato hanyar da kifi ke bi ya haye madatsa, a madatsar Jabal Auliya da ke kan kogin Farin Nilu, me ya hana a yi mana irinsa a Sinnar, a kan Shuɗin Nilu a nan Sudan? Tambayar tana da tushe, kuma ina so mu tattauna ta a tsanake, domin ina tsoron ranar da za a kashe dukiya a gina abin da kifinmu ba zai hau ba.

An kammala madatsar Sinnar a 1925 don a ɗaga ruwa ya shiga tur'a, wato babbar magudanar ban-ruwa, ta gonakin Jazira. Tsawonta ya kai kilomita 3. Tun daga lokacin, kifin da ke tasowa daga ƙasa idan ruwa ya fara yin ja da laka a watan Yuli, cikinsa cike da ƙwai, yana neman ciyawar da ambaliya ta rufe, sai ya tarar da bango. Gaskiya ne ana buɗe ƙofofin ƙasa da damina don laka ta wuce, amma ruwan da ke fitowa ta nan yana da ƙarfin da ba kowane kifi ke iya keta shi ba. Shi ya sa kuke ganin kifaye irin su kas da kawara sun yi cincirindo a gindin madatsar.

Tsanin kifi jerin ƙananan kududdufai ne, kowanne ya ɗara na ƙasansa da kamar taƙi ɗaya, ruwa na gangarowa, kifi na hawa yana hutawa. A Turai da Amurka aka ƙirƙiro yawancin fasalinsa, kuma don wani kifi mai tsalle aka yi. To namu fa? Kas yana da zafin nama. Tarwaɗa da ƙurungu kuwa a ƙasa suke tafiya, suna bin laka, galibi da dare. Giwan ruwa, wanda maƙwabtanmu ke kira ijil, girmansa kaɗai ya isa ya hana shi shiga kududdufin da aka auna da ƙaramin kifi. Saboda haka tambaya ta farko ita ce, wane kifi ake so ya wuce, a wane wata, kuma ta wane gefen kogi yake bi. Idan bakin tsanin bai faɗa daidai inda kifi ke taruwa ba, ko ruwan da ke fitowa daga cikinsa bai kai ya ja hankalinsa ba, zai bi ƙarar manyan ƙofofi ya bar tsanin fayau.

Sai maganar laka, wadda ku kun fi ni saninta. Kafin a gina babbar madatsar Habasha, ruwan da ke sauko mana daga tsaunukan ƙasar a watan Agusta kusan kunu ne. Kududdufin da ba a yashe shi yana iya cikewa da laka. Wa zai yashe, da kuɗin wa? Ruwan da za a saki ta tsanin ma akwai masu jiransa, manoman auduga da alkama na Jazira da Manaƙil, kuma a cikinsu akwai danginmu.

Abin da ya fi damuna shi ne dawowa. A ce uwa ta hau, ta yi ƙwai, 'ya'ya sun ƙyanƙyashe. Idan suka juyo da ruwa, wasu bakin tur'a zai zuƙe su, su ƙare a ƙaramar magudanar gona, ranar da aka rufe ruwa su bushe. Wasu kuma su faɗa injin wuta. Tsanin da ba a haɗa shi da raga mai tare kifi a bakin tur'a ba, rabin aiki ne. Kuma kifin da ya haye Sinnar zai sake cin karo da madatsar Rusairis a Damazin, wadda aka gama a 1966 aka ƙara mata tsayi a 2013. Bayanta ga babbar madatsar Habasha, da ta sauya lokacin zuwan ruwa da yawansa. Dole a auna ko wurin hayayyafar da ke tsakanin Sinnar da Damazin ya kai a yi masa wannan wahala. A ganina, kula da bakin Dindir da Rahad, waɗanda ke shiga kogi a ƙasan madatsar ba tare da wannan bango a gabansu ba, yana iya amfanar mu da wuri fiye da siminti.

Ba injiniya ne zai fara amsa waɗannan tambayoyi ba, ku ne. Mutumin da ya shekara 30 yana jefa birgi a wuri ɗaya ya san daren da kifin dabs ke tasowa. Abin da nake roƙo kaɗan ne: kowane jirgi ya sami littafi, yaro ɗan makaranta ya riƙa rubuta rana, wurin da aka yi su, irin kifi, da ko an ga ƙwai da aka farke ciki. Yaƙi ya tarwatsa mutane da takardu da yawa tun 2023, don haka abin da kuka rubuta da hannunku zai yi nauyi ranar da masu bincike suka zo.

Akwai kuma wadda ke hannunmu tun yau. Kifin da ya taru a gindin madatsa da ƙwai a ciki, kama shi da taru mai ƙananan idanu sauƙi gare shi, kuma na san fasik da kajaik, wato kifin gishiri da busasshen kifi, suna kuɗi, na san akwai bakuna a gida. Amma ko an gina tsani gobe, idan aka shimfiɗa ragar kalli a bakinsa ya zama gura, wato tarkon kifi. Ina roƙon sarakunan ruwa da dattawa su zauna kafin ruwan Yuli ya iso, su yanke tazarar da ba za a jefa koma ba daga jikin bangon, da makonnin da za a ɗaga wa mai ƙwai ƙafa. Littattafan kuma zan bi masauki-masauki in karɓa bayan ruwa ya janye.