Sayen tsohon ƙaramin jirgin sama mai inji biyu: abin da ake dubawa kafin a biya kuɗi

Waɗanne jirage ake nufi?

Galibi ƙirar Amurka ne na shekarun 1950 zuwa 1970, masu ɗaukar mutum huɗu zuwa shida: Piper Apache da Cessna 310 da suka shiga kasuwa a 1954, Beechcraft Baron na 1961, da Piper Twin Comanche na 1963.

Me ya sa wasunsu suka fi mai inji ɗaya araha?

Saboda riƙonsu ne ke da tsada. Komai biyu ne: inji, farfela, famfon mai. Cessna 310 na shan wajen galan 25 a awa, Twin Comanche kuwa kusan 16. Kamfanonin inshora ma ba sa sakin jiki da matuƙin da bai daɗe a mai inji biyu ba, su kan tsawwala kuɗi ko su ce sai ya yi wasu awanni tare da malami. A nemi farashin inshora tun kafin a fara ciniki.

Injin da awanninsa ba su da yawa ba shi ne mafi kyau ba?

Nan mutane da yawa ke ruftawa. Kamfanin Lycoming, mai ƙera injinan jiragen sama, ya sa wa yawancin injinansa wa'adin garambawul na awa 2,000 ko shekara 12, duk wanda ya riga zuwa. Injin da ya yi awa 400 kacal cikin shekara 20 ya sha zama, kuma zama ke kawo tsatsa. A injinan Lycoming, sandar da ke buɗe bawul tana can sama, mai na tsiyayewa ya bar ta a bushe, laima ta ci ta. Da an ci gaba da tashi sai ta fara zubar da ɓurɓushin ƙarfe cikin mai. Gara wanda ya yi awa 1,200 yana tashi kowane mako.

Don haka a auna matsin kowace silinda da inji na da ɗumi. In silinda ta kasa riƙe 60 cikin matsin iska 80 da aka cusa mata, a bincika inda iska ke zurarewa. A zura ƙaramar kyamara a ga bawul da bangon silinda. A yanka matatar mai a duba ko akwai ƙarfe.

Wa zai yi binciken?

Bakanike mai lasisi da ya san wannan ƙirar, wanda mai saye ya zaɓa ya biya da kansa. Kada ya zama wanda ya saba gyara wa mai sayarwa. Zai buɗe fukafukai ya nemi tsatsa a ƙashin bayansu, ya ɗaga jirgin a jak ya gwada naɗewar ƙafafun sauka, ya duba tankunan roba ko sun tsufa suna yoyo, da na'urar ɗumama ɗaki da ke hancin jirgi, wadda ke ƙona fetur; in ta tsage, hayaƙi mai kisa na iya shiga ciki.

Takardu fa?

Littattafan tarihin gyara na jiki da na kowane inji da farfela su cika tun daga ranar ƙira. In wani ya ɓace, daraja ta faɗi sosai, domin ba mai iya tabbatar da awanni. A bi umarnin gyaran dole da FAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, ta fitar kan ƙirar ɗaya bayan ɗaya. A kuma bincika rajista a tabbatar ba a jinginar da jirgin a banki ba.

Mai sayarwa me zai yi?

Ya ɗauki hoton kowane shafi na littattafan ya tura wa mai saye tun farko, ya faɗi duk hatsarin da jirgin ya taɓa yi, musamman sauka ba tare da fitar da ƙafafu ba, domin bincike zai tono shi. A rubuta yarjejeniya: wa zai biya gyaran da aka gano, da sharaɗin mayar da kafin alƙalami in ciniki ya watse. Kuɗin kuma a ajiye su hannun kamfanin amana har sai an sa hannu a takardar sayarwa.