Bayan an kashe gobara: tambayoyi da amsoshi kan yadda ɗan kwana-kwana ke tallafar abokin aikinsa

A Kamaru 'yan kwana-kwana sojoji ne, suna ƙarƙashin ma'aikatar tsaro, kuma 118 ce lambar da ake kiransu da ita. Mutanen Garwa da Marwa da Ngawundare sun san jar motarsu da jiniyarsu. Amma da wuya ka ji wani ya tambayi halin da mutumin yake ciki bayan ya naɗe tiyo ya koma bariki.

Ai aikinsu ne. Me zai dami wanda ya saba?

Aikin ya wuce kashe wuta. Su ake kira idan mota ta kife a gangaren dutsen Mbe, tsakanin Ngawundare da Garwa. Su ke tsamo wanda ya faɗa rijiya ko wanda kogin Binuwai ya ci. Su ke shiga gidan da jarkokin fetur ɗin fasa-ƙwauri, wanda ake kira zuwa-zuwa, suka kama da wuta. Ga ambaliyar 2012 a arewacin Kamaru, ga ta 2022 da ta 2024 da suka shafi Njamena da garuruwan bakin kogin Logon. A Yulin 2015 bama-bamai sun tashi a Marwa, kamar yadda suka tashi a Njamena a Yuni da Yuli na shekarar, kuma masu aikin ceto ne suka kwashe abin da ya rage.

Sabo yana hana hannu rawa a lokacin aiki, wannan gaskiya ne. Amma wanda ya ɗauko gawar yaro sa'an ɗansa, ya koma gida ya tarar da nasa yana wasa a ƙofar gida, sabo ba ya hana zuciyarsa bugawa.

Ta yaya ake gane abin ya taɓa mutum?

Barci ne ke fara tafiya. Sai mugun mafarki, da zabura idan an buga ƙofa, da faɗa da iyali a kan abin da bai kai ya kawo ba. Wani warin hayaƙi ko ƙaurin nama ne ke mayar da shi wurin da abin ya faru. Wani kuma shiru zai yi, ya daina zuwa majalisa. Akwai masu neman sauƙi wajen tiramol ko giyar bilbil, su ƙara wa kansu wata cutar.

A kwanakin farko waɗannan alamu ba cuta ba ne, kuma yawancin mutane suna warwarewa da kansu cikin 'yan makonni. Idan suka haura wata guda suna hana mutum aiki da zaman gida, to ana zaton ciwon firgicin da ke biyo bayan masifa, wanda likitocin Amurka suka shigar cikin jerin cututtukansu a 1980. Yana da magani.

To mene ne tallafin abokin aiki?

A zaɓi wasu daga cikin ma'aikatan barikin, waɗanda aka yarda da bakinsu, a koya musu sauraro, da gane alamu, da sanin inda za a kai wanda abin ya fi ƙarfinsa. Su ba likitoci ba ne, ba sa rubuta magani. Jagorar taimakon farko ga wanda ya shiga firgici, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011, ta taƙaita aikin a abu uku: ka lura, ka saurara, ka haɗa mutum da taimako.

A aikace abu ne mai sauƙi. Ka same shi shi kaɗai bayan an sauka daga aiki, ka ce: “Ɗan'uwa, kwana biyu ba ka zama shan shayi da mu. Kana samun barci kuwa?” Idan ya ce lafiya lau, kada ka matsa. Ka sake dawowa jibi.

Me ya sa sai abokin aiki? Iyali fa, ko likita?

Saboda mun taso ana ce mana namiji ba ya kuka, sannan horon soja ya ƙara wa wannan ƙarfi. Mutum ba zai kwatanta wa matarsa abin da ya gani a cikin motar da ta ƙone ba, yana tausayinta. Likitan ƙwaƙwalwa kuwa, kunya ke hana zuwa wurinsa, kada a ce an taɓu. Ga kuma ƙarancinsu: sashen da ya fi suna yana asibitin Jamot a Yawunde, fiye da kilomita 1,000 daga Marwa. Amma wanda kuka riƙe tiyo ɗaya a zafin watan Afrilu, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Shi ne ma zai riga kowa ganin canji.

A tara kowa bayan kowace masifa a sa shi ya faɗi abin da ya gani?

A'a, kuma a nan ne masu kyakkyawar niyya suke kuskure. A 1983 wani Ba'amurke mai suna Jeffrey Mitchell, wanda shi ma ya yi aikin kwana-kwana, ya tsara zaman tattaunawa bayan mummunan lamari, tsarin ya bazu a duniya. Bincike daga baya ya nuna zama ɗaya tak da ake sa mutum ya maimaita abin da ya gani ba ya hana ciwon, har yakan dagula wa wasu. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ba da shawarar a yi shi.

Tsarin da ya fi kwanta mini shi ne TRiM, wato tsarin lura da haɗarin firgici tsakanin abokan aiki, wanda ya samo asali a rundunar sojin ruwan Birtaniya. Abokin aiki da aka horar yakan duba mutum bayan kamar kwana uku, ya sake dubawa bayan wata guda. Idan sauƙi ya samu, shi ke nan. Idan abin na ƙaruwa, a kai shi gaba. Tun da cikin sojoji aka gina shi, ina ganin zai dace da barikokinmu.

Idan na faɗi damuwata, ba za ta kai kunnen kwamanda ba?

Wannan ita ce tambayar da tsarin ke tsayawa ko ya faɗi a kanta. Wanda ke tsoron a ce masa rago, ko a hana shi ƙarin girma, ba zai buɗe baki ba, kuma yana da hujja. Dole kwamanda ya amince a gaban kowa cewa ba zai tambayi mai tallafi abin da aka gaya masa ba. Shi kuma mai tallafin, sau ɗaya ya kai maganar wani majalisa, amana ta ƙare a barikin nan har a sauya mutane. Iyaka ɗaya ce, kuma a faɗe ta tun farko: idan rai yana cikin haɗari, nasa ko na wani, ba a ɓoyewa.

Addu'a ba ta isa ba?

Addu'a ginshiƙi ce, kuma liman ko fasto mai fahimta babban abokin tafiya ne. Abin da nake jin zafinsa shi ne a ce wa mai fama “ƙarancin imani ne”, ko a ɗora komai a kan iska ko sammu, a bar shi watanni babu barci. Mai karaya yana addu'a, yana kuma zuwa a yi masa ɗori.

Yaushe abin ya fi ƙarfin aboki?

Idan wata ya wuce babu sauƙi, ko shaye-shaye ya kama shi, ko ya fara dukan iyali, ko ya ce gara mutuwa. A wannan ta ƙarshe ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin. Idan ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a nisanta shi da makami da maganin ƙwari, a kai shi wurin likitan bariki ko babban asibiti a ranar. Kada a saya masa ƙwayoyin barci irin su diyazefam a kasuwa, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan ba da su ga wanda bai daɗe da shiga firgici ba.

Shi mai tallafin fa?

Shi ma a wurin gobarar yake, ga kuma damuwar wasu da yake ɗauka. Don haka kada a ɗora aikin a kan mutum ɗaya. A samu biyu ko uku a kowane bariki, har da mace inda akwai mata, su riƙa duba juna, kuma a ba kowannensu damar ya ce ya gaji, a ba wani.