Waiwaye: yadda lambar waya ta koma lambar asusu

Kusan duk majalisar da ka zauna a Kaduna kwanakin nan, daga Kawo har Tudun Wada, sai an taɓo maganar. Baƙuwar lamba ta kira ka, mai kiran ya ambaci sunanka har da na mahaifinka, ya faɗi inda kake ajiyar kuɗi, sannan ya ce asusunka ya samu matsala, ka karanto masa lambobin da aka turo maka yanzu. Wasu na ɗora laifin kan masu POS, wasu kan manhajojin ba da bashi, wasu kuma su ce ai da ɗan gari akan ci gari. Inda bakinsu ya zo ɗaya shi ne wai abin kwatsam ya faɗo mana. Ni dai ban yarda ba, ruwa ba ya tsami banza.

Farkon labarin kowa ya san shi. A 2011 aka soma rajistar layukan waya da hoto da zanen yatsu. A 2012 Babban Bankin Najeriya ya fara tsarin rage amfani da tsabar kuɗi daga Legas, a Fabrairun 2014 BVN, lambar tantance masu asusun banki, ta zo, sai kuma Disambar 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa. Duk wanda ya sha rana a layi a lokacin bai manta ba. Waɗannan ake ta nanatawa idan gardama ta yi zafi.

Abin da ba a cika ambata ba ƙarami ne, har ma kamar bai isa a tsaya a kansa ba. Lambar asusun banki a ƙasar nan lambobi goma ce, haka aka daidaita ta tun 2011. Lambar waya kuwa sha ɗaya ce, ta farkonta sifili. Ka cire sifilin, saura goma cif. Da asusun ajiya na cikin waya suka fara yaɗuwa, sai aka bi wannan hanya mai sauƙi: layinka shi ne asusunka. Babu wata sabuwar lamba da za ka haddace, ko tsohuwar da ba ta karatun boko ta san lambar wayarta da ka. Babu wanda ya yi ƙorafi, har da ni, daɗi ma na ji.

Amma lambobin nan biyu ba halinsu ɗaya ba. Ta asusu an yi ta ne don a ba duk wanda zai biya ka, ko ka san shi ko ba ka san shi ba. Ta waya kuwa sai wanda ka ga dama. A gidan Bahaushe ba kowane namiji ne ke samun lambar matar aure ba, budurwa ma sai an yi ta kai gwauro a kai mari kafin ta bayar. Da aka haɗe su wuri guda, katangar da ke tsakani ta zube ba tare da an ji ƙararta ba. Ga kuma tsarin nan da ke nuna sunan mai asusu kafin ka tura kuɗi. Alheri ne, ya hana mutane da yawa tura kuɗinsu ga wanda ba shi ba. Sai dai bai san mai niyyar biya da mai bin diddigi ba. Duk wanda ya tsinci lambar wayarka, in dai kana da irin wannan asusu, zai cire sifili ya rubuta, cikakken sunanka ya fito, ko sisi bai tura ba.

Da fari 'yan tsiraru ne ke ciki. Canjin kuɗi ne ya tura kowa. A watannin farko na 2023, lokacin da takardun naira 200 da 500 da 1,000 suka yi wuyar gani, tiransifar banki kuma ta riƙa maƙalewa, mai tumatir da mai Keke da mai gwanjo a Kasuwar Barci duk suka buɗe asusun waya cikin 'yan mintuna. Ciki ke kuka, wa ke ta sirri? Mai shayin layinmu ya yago kwalin madara ya rubuta lambarsa da maka ya jingina da tukunya. Ƙanwata da ke sayar da cincin daga cikin gida a Rigasa ta buga tata a jikin leda. Ba a yi sati biyu ba wani ya kira ta bayan isha'i, ya ce, "Hajiya, ba cincin nake so ba, gaisawa kawai za mu yi," ya kuma kira ta da sunan da ko maƙwabta ba su sani ba. Sai da mijinta ya karɓe layin ya saya mata wani.

A watannin ne kuma aka saba da wata ɗabi'ar. Na ga wani dattijo ya miƙa wa yaron POS katinsa, ya ce, "Ɗan nan, danna min kai, idona ba ya gani," ya faɗi lambar sirrinsa da ƙarfi, mutum shida na tsaye a bayansa. Yaron ma sai da ya ce, "Baba, a hankali."

Doka ta biyo baya. Akwai ƙa'idojin kare bayanai tun 2019, amma sai a Yunin 2023 aka sa hannu kan cikakkiyar doka da ta kafa hukumar kare bayanan jama'a, ta kuma ba mutum damar tambayar abin da ake ajiyewa a kansa. A Disambar shekarar aka wajabta haɗa ko ƙaramin asusu da BVN ko NIN. Wannan ya rage masu buɗe asusu da sunan bogi, amma yana nufin sunan da ke fitowa yanzu idan an rubuta lambarka na yanka ne, ba laƙabi ba. Idan kuma waya ta ɓata, ko layi ya daɗe a ajiye har aka sake sayar da shi, saƙonnin kuɗinka na iya sauka a hannun wanda ba ka taɓa gani ba.

Shekaran jiya na biya ta wurin mai shayin. Ya jefar da kwalin, ya buga lambar a takarda mai kyau an lulluɓe ta da roba don kada ruwa ya taɓa. Na ce masa, "Malam, ka san lambar wayarka ce ka kafa wa duk mai wucewa?" Ya ci gaba da firfita shayinsa, ya ce, "Yallaɓai, to da wace za su biya ni?"